Wane Wasan Tuƙa Jirgin Sama Ya Dace da Kwamfutar Gidanku?

'Yan uwana ɗalibai, akwai manhajojin da ke sa mutum ya tuƙa jirgin sama yana zaune a ɗaki. Amma kafin ka sauke ɗaya, fara duba ƙarfin kwamfutarku, kada ka ƙona data a banza.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kyan gani shi ne Microsoft Flight Simulator na 2020. Sai dai sayensa ake yi, yana cin wuri har gigabayit 150, kuma daga intanet yake ɗauko hotunan garuruwa. Tsohuwar kwamfuta irin tamu ko buɗe shi ba za ta iya ba.

FlightGear kyauta ne, amma maɓallansa sun yi yawa. Ni kwana biyu na yi kafin na iya tayar da injin!

Ga mai farawa, shawarata ita ce Google Earth Pro, shi ma kyauta. Danna Ctrl, Alt da A tare, jirage biyu za su fito: SR22 da F-16. Ɗauki SR22, domin F-16 jirgin yaƙi ne, kafin ka ankara ya kai ka ƙasa. Kana iya farawa daga saman unguwarku, har ka nemo rufin makarantarmu.