Labarin Mai Jiran Kanti: Wane Ne Cikakken Mutum?

A ƙasar Japan akwai wasu ƙananan kantuna da ba a rufe su dare da rana, ana kiransu konbini. A shekarar 2016 wata marubuciya mai suna Sayaka Murata, wadda ita kanta ta daɗe tana aiki a irin kantin nan, ta wallafa wani ƙagaggen labari, Konbini Ningen, watau Mutumin Kanti. A shekarar nan ya ci kyautar Akutagawa, wadda marubutan ƙasar su ke girmamawa ƙwarai, aka kuma juya shi da Turanci a 2018. Ya kamata malaman makaranta da akawuna su san abin da ke ciki.

Labarin wata mace ce, Keiko, mai shekara 36, wadda ta shekara 18 tana jiran kanti. Ba ta makara, ba ta ha'inci. Ta san abin da za a nema ran zafi da abin da za a nema ran sanyi, ta kan jera kaya tun ba a tambaya ba. Ita dai ranta a kwance ya ke. Amma danginta da ƙawayenta ba su da magana sai biyu: yaushe za ta yi aure, yaushe kuma za ta sami aiki na sosai?

Asalin abin tun tana makaranta ne. Wata rana yara biyu suna faɗa, aka yi ta ihu a raba su, sai ta ɗauki shebur ta buga wa ɗaya a ka, faɗa ya ƙare. Malamai suka firgita, aka kira uwarta ta ba da haƙuri, amma yarinya ba ta gane inda laifin ya ke ba. Abin da ta koya kaɗai shi ne ta yi shiru, ta riƙa kwaikwayon mutane. Ta girma tana aron maganar abokan aikinta da irin tufafinsu, don kada a ce ta fita dabam.

Da matsi ya yi yawa, sai ta ba wani malalaci, Shiraha, masauki a ɗakinta, mutumin da aka kora daga kantin saboda mugun hali. Ba so, ba aure, ita ce ma ke ciyad da shi. To, ga abin mamaki: sai kowa ya hau murna, wai Keiko ta warke! Ƙanwarta ta fi son ta gan ta cikin wahala irin wadda aka saba gani, da ta gan ta cikin kwanciyar rai irin wadda ba a saba ba. Har ta bar aikinta, ta rasa lokacin barci da na tashi. A ƙarshe, tana kan hanyar neman sabon aiki, ta shiga wani kanti, ta ga kaya a hargitse, hannunta ya kama gyara. Nan ta gane inda ta dace, ta rabu da Shiraha.

Littafin bai ce aure ba shi da daraja ba, bai kuma ce neman ci gaba laifi ne ba. Abin da ya nuna shi ne, sau da yawa jama'a siffa su ke aunawa, ba hali ba. Shekara 18 na aikin amana ba su sa an yaba mata ba, amma zaman banza da malalaci ya sa.

Saboda haka, ya ku malamai, in kun ga yaro ya fita dabam cikin aji, kada ku tsaya ga tsawatawa kaɗai. Ku fahimtad da shi dalili, gama shirun yaro ba shi ne ganewa ba. Ku kuma ma'aikatan ofis, kada ku raina wanda ya riƙe ƙaramin aiki da gaskiya don bai nemi kujerarku ba. Hausawa sun ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah ya sa mu gane.