Wa Ya Zaɓe Ka Cikin Fitattun Duniya?

Malaman jami'a, likitoci da lauyoyi sun san irin saƙon nan: ana taya ka murna, wai an zaɓe ka cikin fitattun ƙwararru, sunanka zai shiga kundin Who's Who. Da an ɗauko zancen a ɗakin malamai sai baki ya rabu, wasu su ce ɗaukaka ce ta zo, wasu su ce damfara ce tsagwaronta.

Masu cewa duk kundin da ke da wannan suna na bogi ne sun yi kuskure. Na Ingila yana fitowa tun 1849, editocinsa ne ke zaɓen mutum, kuma ba a biyan ko sisi. Na Amurka, wanda Albert Nelson Marquis ya kafa, ya fara a 1899. Matsalar ita ce sunan ba mallakar kowa ba ne, duk mai injin buga littafi zai iya rataya shi a bangon hajarsa.

Ana kuma cewa littafin da masu aiko saƙon ke talla ma babu shi. Sau da yawa akwai shi, har da bango mai ruwan zinari. Tantancewa ce babu. Daga jerin adiresoshi aka tsinto ka, kai ne za ka rubuta tarihinka da hannunka, sannan a sayar maka da littafin, da lambar yabo, da allon ratayawa a ofis. Hukumar kare masu saye ta jihar Yammacin Ostareliya ta taɓa gargaɗin jama'a kan American Biographical Institute da International Biographical Centre saboda irin wannan ciniki. Ta biyun ta riƙa amfani da sunan Cambridge, alhali ba ruwan jami'ar garin da ita. Har yau kana ganin "gwarzon shekara" irin nasu a takardar tarihin aikin manyan mutanenmu, mu kuma kunya ta hana mu tambayar nawa aka biya.

Akwai nau'in da ya fi wannan muni. European City Guide, wani kamfani na Sifaniya, ya riƙa tura wa 'yan kasuwa fom kamar na gyara adireshi kyauta, amma a ƙananan rubutu an ɓoye yarjejeniyar kusan Yuro 1,000 duk shekara har shekara uku. Ƙorafi ya yi yawa har Majalisar Tarayyar Turai ta zartar da ƙuduri kan irin waɗannan kamfanoni a 2008.

To, da gaske ne in ka biya shi ke nan, kuɗi sun tafi? Ya danganta da hanyar da ka biya. In da katin Visa ko Mastercard ne, bankinka na iya neman a dawo da kuɗin, galibi cikin kwana 120. In tura kuɗi ka yi kai tsaye ko ta Western Union, da wuya su dawo. Sai dai ka sani, banki ba ya sauraron "na gano lambar ba ta da daraja". Hujjar da ke ci ita ce an yi maka alkawari ba a cika ba, ko an ci gaba da cirar kuɗi duk shekara ba da izininka ba. Don haka ka adana saƙonni da rasit, ka soke rajistar a rubuce, ka sa a toshe katin. A Najeriya bankinka za ka fara kai wa kuka. In mako biyu suka wuce bai warware ba, sai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Wasiƙun barazanar kai ka kotu da irin waɗannan kamfanoni ke aikowa yawanci tsoratarwa ce, amma in sammaci na gaske ya zo daga kotu, ka nemi lauya. Wanda kuwa zai kira ka daga baya ya ce zai karɓo maka kuɗinka in ka ba shi kafin alƙalami, sau tari sayen sunanka ya yi daga jerin waɗanda aka riga aka cuta.