Gaskiya ko Jita-jita: Sayar da Gida a Gaya da Ajingi

Galibinmu sau ɗaya muke sayar da gida a rayuwa, wasu ma ba sa taɓa yi. Shi ya sa abin da muka sani game da cinikin gida ji ne daga bakin wani: maƙwabci, dillali, ko hirar majalisa bayan la'asar. Maganar da aka yi ta nanatawa takan zauna daram, ko da doka da shari'a ba su san da ita ba.

"Abin da na kashe wajen gini shi ne kuɗin gidana"

Mai gida yana tuna kowane buhun siminti da ya saya, don haka wannan lissafi yake kwanta masa a rai. Tsadar kaya ma ta ƙara masa ƙarfi: bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, har siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Sai dai shi mai saye da nasa lissafin yake zuwa. Ma'aikacin da ke zuwa aiki Wudil ko Dutse yana duba nisan gidan da babban titin da ya ratsa Gaya. Magidanci yana tambaya ko rijiyar tana ƙafewa da bazara, ko akwai zaure da tsakar gida mai yalwa da wurin ɗaure dabba. A garuruwan Ajingi na kusa da kogi, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce, tambayar farko ita ce ina ruwa yake bi a watan Agusta. Tayil da silin mai ado suna da kyau, amma ba kasafai suke mayar da kuɗinsu ba in wuri bai yi ba.

"Sa hannun mai unguwa ya wadatar"

Shaidar mai unguwa da dagaci tana da daraja ƙwarai, domin su ne suka san asalin fili da iyakokinsa da wanda ya gaji wa. Iyayenmu da ita suka yi ciniki aka zauna lafiya, kuma daga nan ne muka ɗauka babu abin da ya rage. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filin da gwamna ya ba da izinin mallakarsa, sashe na 22 ya ce ba a sauya masa mai shi sai da amincewar gwamnan. Na karkara kuwa, mai izinin gargajiya, sashe na 21 ya ɗora amincewar a kan ƙaramar hukuma. Ke nan takardar ciniki mai sa hannun shaidu mataki ne na farko, akwai sauran tafiya.

Wannan ya shafi aljihun mai sayarwa kai tsaye. Mai saye da ya zo daga Kano ko Dutse bai san kakanninmu ba, takarda ya sani, kuma yana iya zuwa ma'aikatar ƙasa ko hukumar KANGIS ya bincika. In takardu suka yi rauni, ko ya janye, ko ya taya da arha don ya rage wa kansa kasada.

"Babban wa yana da ikon sayar da gidan gado"

A ganinmu wannan ce ta fi kowacce ɓata zumunci. Girmama babba tarbiyyarmu ce, kuma sau da yawa shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifi, sai riƙo ya yi kama da mallaka. A shari'a kuwa, kowane magaji yana da rabonsa tun daga ranar rasuwa, har da 'ya'ya mata da matan mamaci. Babu mai sayar da rabon wani sai da wakilcinsa, kuma rabon maraya ƙarami yana buƙatar wasiyyi ko alƙali. Ko wanda ya sayar da nasa kason kaɗai kafin raba gado, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Masu saye sun san da haka. Da sun ji "gidan gado ne" sai su nemi takardar rabon gado daga kotu, ko a tara magada duka su sa hannu, kuma suna da gaskiya.

A nan ne wani ruɗanin yake shigowa, cewa dole a fara yi wa maƙwabci tayi. Mazhabar Hanafiyya ce ta ba maƙwabci shufa'a. A Malikiyya da kotunanmu ke bi, haƙƙin na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba. Fara tuntuɓar maƙwabci kyautatawa ce da ya kamata mu riƙe, amma rashinta ba ya rushe ciniki.

"Yawan dillalai shi ke kawo ciniki da wuri"

Kowane dillali yakan ɗora nasa a kan farashi, sai gida ɗaya ya yi kuɗi uku a gari, mai saye ya fara zargi. Dillali ɗaya amintacce, da la'adar da aka yanke tun farko a gaban shaidu, ya fi sauƙi ga kowa.

"In an sallama an biya, magana ta ƙare"

Mun saba jin haka a kasuwa, shi ya sa wasu suke shafe tsagewar bango da fenti, ko su kai gida kasuwa da rani don kada a ga inda ruwa ke kwanciya. Fiƙihu ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani. In mai saye ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da damar neman ragin kuɗi, ko ya mayar da gidan idan aibin babba ne. Wanda ya nuna azarar da gara ta ci da ɗakin da ke yoyo tun kafin a ba da kafin alƙalami, aka kuma rubuta su a takardar ciniki, zai iya rage wani abu a farashi, amma babu mai kiransa kotu a kansu bayan damina ta faɗi.