Uba ba tare da aure ba: me ya sa iyaye maza a Ayalan ke neman tallafin gwamnati?

Jama'a, yau zan kai ku Jamhuriyar Ayalan, maƙwabciyar Birtaniya, inda aka daɗe ana taƙaddama kan mazan da suka haihu ba tare da aure ba. Na san maganar tana da nauyi a kunnenmu, amma a can fiye da kashi 40 cikin 100 na jariran da ake haifa a 'yan shekarun nan iyayensu ba su da aure. Don haka batu ne na dubban yara.

Ga tushen matsalar. A dokar ƙasar, idan babu aure, uwa ce kaɗai ke zama waliyyiyar yaro kai tsaye. Ko an rubuta sunan uba a takardar haihuwa, hakan bai ba shi wilaya ba. Ita kuwa wilaya ita ce ke ba mutum ta cewa kan makarantar yaro, addininsa, maganinsa, fasfonsa da fita da shi ƙasar waje. Amma kuɗin ciyarwa dole ne uban ya biya, da wilaya ko babu. To ka ji inda ƙorafin yake: nauyi na kansa, magana kuwa ba shi da ita.

Sauyi ya zo ne a hankali. Dokar 1987 ta ba irin wannan uba damar zuwa kotu ya nemi wilaya. A 1994 kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a shari'ar Keegan, wani uba da aka bayar da 'yarsa riƙo ba da saninsa ba, ta ce ƙasar ta tauye masa haƙƙi. Daga 1998 uwa da uba na iya sa hannu a takardar rantsuwa su raba wilaya in sun amince. Sai dokar 2015, wadda ta ba uba wilaya kai tsaye idan ya zauna da uwar wata 12 a jere, ciki har da aƙalla wata uku bayan haihuwa. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba, uwar kuma ta ƙi sa hannu, sai kotu. A watan Maris na 2024 an yi ƙuri'ar raba gardama don faɗaɗa ma'anar iyali a tsarin mulki ta wuce aure, kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ce a'a.

Nan ne amfanin ƙungiyoyi ya fito. Akwai Treoir, wadda aka kafa a 1976, tana bayar da bayani kyauta ga iyayen da ba su yi aure ba, maza da mata, kuma tana samun kuɗi daga hukumomin gwamnati. Su kuma ƙungiyoyin da mazan suka kafa da kansu, galibi 'yan sa-kai ne ke tafiyar da su. Abu biyu suke nema. Na farko kuɗi, don riƙe ofis da layin waya da mai ba da shawara, tun da lauya na da tsada, kuma da yawa ba sa gane ba su da wilaya sai ranar da rigima ta ɓarke. Na biyu a san da zamansu, wato a riƙa gayyatarsu idan za a gyara dokar iyali.

Masu ɗari-ɗari da batun su ma suna da hujja. Suna cewa akwai matan da suka gudu daga duka da cin zarafi, kuma kuɗin gwamnati bai kamata ya zama makamin wani ɓangare a rikicin iyaye ba. Ni dai a ganina ma'aunin ɗaya ne: me yaron zai ƙaru da shi? Ƙungiyar da ke koya wa uba biyan ciyarwa da sasantawa kafin a kai ga kotu ta cancanci tallafi, muddin ana bin diddigin kuɗin.

Mu mazauna Kudu ma akwai abin lura. Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta ba uban da bai auri uwar ba damar neman izinin kotu kan alhakin ɗansa, Legas kuma ta yi tata dokar a 2007. A al'adar Ibo da dama, ɗan da aka haifa ba a biya kuɗin aure ba na gidan mahaifin uwar ne. Saboda haka wanda ya yi aure a Agege ko Onica, ya tabbata yana da shaidu da takardar aure, ya kuma yi wa yaransa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.