Digirin Digirgir a Gida: Tallafin da Ɗalibi Ke Samu a Jami'ar Ibadan da Wanda Yake Nema a Waje

Tun daga farkon watan Janairun 2025, Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund, ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje domin karatun digiri na biyu da na uku. Dalilai biyu asusun ya bayar: tsadar kuɗin ƙasashen waje, da kuma yawan malaman da aka kashe wa dukiya suka kammala karatu suka ƙi dawowa. Dalilin farko ba ya buƙatar dogon bayani. Kafin gwamnati ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kuɗin da a da yake isar malamai uku ya koma da ƙyar yake isar mutum guda.

Abin da wannan mataki ya haifar shi ne nauyin horar da masu digirin digirgir ya ƙara komawa kan jami'o'in cikin gida. Malamin da ke koyarwa a Dutsin-Ma ko Gashuwa ko Lafiya, wanda a da yake hangen Ingila ko Malesiya, yanzu sai ya dubi Zariya ko Kano ko Nsukka ko Ibadan. Don haka ya dace a san abin da ɗalibi zai tarar idan ya isa can. Jami'ar Ibadan misali ce mai kyau, domin ita ce mafi tsufa a ƙasar, kuma ta daɗe da bayyana burinta na ganin ɗaliban gaba da digirin farko sun kai kashi 60 cikin ɗari na ɗalibanta.

An kafa ta a 1948 a matsayin kwalejin da ke ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta ba da digirinta na farko na babban karatu a 1952, sannan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962. A yau Kwalejin Karatun Gaba da Digirin Farko ce ke kula da ɗaukar ɗalibai da rajistarsu da jarrabawarsu, yayin da koyarwa da duba bincike suke hannun sassa da tsangayoyi. Ƙofar shiga tana da matakai. Wanda ya yi digiri na biyu a jami'ar ya samu matsakaicin maki 60 ko fiye, yana iya wucewa kai tsaye zuwa digiri na uku. Wanda ya samu tsakanin 55 da ƙasa da 60, akan ɗauke shi a wani mataki na tsaka-tsaki, sai ya nuna ƙwazo a jarrabawar sauya matsayi kafin a tabbatar da shi. Ga mai karatu na cikakken lokaci, shekara uku ce mafi ƙarancin wa'adi. A aikace kuwa, da yawa sukan wuce haka nesa ba kusa ba.

Tallafi na farko da ɗalibi ke samu ba kuɗi ba ne, tsari ne. Kafin ya fita tattara bayanai, sai ya tsaya gaban malaman sashensa da takwarorinsa a taron ƙara wa juna sani ya gabatar da shimfiɗar bincikensa: mene ne matsalar, wa ya riga shi taɓa ta, ta wace hanya zai bi. Bayan ya dawo daga fage ko daga ɗakin gwaje-gwaje, sai ya sake tsayawa ya baje abin da ya gano. Daga nan a yi rajistar taken kundi, inda ake tantance tsakuren aikin, wanda ba a yarda ya wuce kalmomi 500 ba. Duk wanda ya taɓa buɗe kundin digirin Ibadan zai ga an rubuta adadin kalmomin a ƙasan tsakuren. Ɗalibai kan yi ƙorafin yadda ake mayar musu da wannan shafi guda sau da yawa, amma horo ne na gaske: mutumin da ya kasa faɗin abin da ya gano a shafi ɗaya, da wuya a ce ya gama fahimtar abin da ya rubuta a shafi ɗari uku. Mataki na ƙarshe shi ne kare kundi da baki a gaban mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a.

Waɗannan tarurruka su ne makarantar da ba a rubuta a manhaja ba. A nan ɗalibi ke koyon amsa tambaya ba tare da ya fusata ba, da bambanta suka mai amfani da wadda ta fito daga adawar da ke tsakanin malamai. Sashen da ke gudanar da su a kan lokaci, ɗalibansa kan gama a kan lokaci. Inda kuwa taro ke jiran sai ranar da manya suka samu sukuni, wata shida kan salwanta ba tare da an ƙara ko layi ɗaya ba. Yajin aiki ma yana cin nasa rabon. Wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma ya zo ne bayan na 2020 da ya kai wata tara. Ɗalibin da gwajinsa ya dogara da damina, ko da ƙwayoyin halittar da ake renonsu a firji, ba ya iya dakatar da aikinsa ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar mai karanta littafi.

Batun kuɗi shi ne inda ɗalibai suka rabu gida biyu. TETFund ya samo asali ne daga dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni. Dokar 2011 ta taƙaita aikinsa ga manyan makarantun gwamnati, ta kuma tsara rabon kuɗin: kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a 2021, sannan zuwa kashi 3 a 2023. Daga kuɗin asusun ake ɗaukar nauyin karatun malamai, ake biya musu halartar tarurrukan ilimi, ake kuma ba da tallafin bincike. Sai dai sharaɗin a bayyane yake: dole mai nema ya kasance ma'aikacin wata babbar makarantar gwamnati, makarantarsa ce za ta miƙa sunansa, kuma zai sa hannu kan yarjejeniyar komawa ya yi mata aiki bayan ya gama.

Ma'anar wannan ita ce ɗalibai biyu na iya zama a benci ɗaya, ƙarƙashin malami ɗaya, ɗaya an biya masa kuɗin makaranta da na bincike kuma albashinsa na tafiya, ɗayan yana koyarwa a makarantar sakandare mai zaman kanta da safe domin ya sayi sinadaran gwaji da yamma. Ana iya fahimtar hujjar asusun, tunda an kafa shi ne don gina makarantu da malamansu. Amma matashin da ya fito da sakamako mafi kyau a ajinsu, bai kuma samu aikin koyarwa ba saboda ba a ɗauka, shi ne wanda tsarin ya bari a rana, alhali daga irinsa ake sa ran samun malaman gobe.

Ga irin wannan ɗalibi, da ma wanda ke da aikin, sauran ƙofofin suna wajen baitulmalin gwamnati. A harabar Ibadan akwai cibiyar nazarin kimiyyar rayuwa da ta ƙasa ta Jami'ar Afirka Baki Ɗaya, wadda Tarayyar Afirka ta kafa, tana kuma ba da guraben karatu kyauta ga 'yan nahiyar a matakin digiri na biyu da na uku. 'Yan uwanta suna Kenya da Kamaru da Aljeriya, kowace da fannin da aka ba ta. A cikin birnin kuma akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, wato IITA, da aka kafa a 1967, inda ɗaliban aikin gona kan samu damar gudanar da gwaje-gwajensu a kan rogo da masara da wake da doya da kayan aikin da sashen jami'a ba zai iya saya ba.

Shirin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne CARTA, ƙawancen jami'o'in Afirka da aka kafa a 2008, wanda cibiyar binciken al'umma da lafiya ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ke jagoranta. Ibadan da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suna cikinsa. Yana ɗaukar ƙananan malaman jami'o'in da ke cikin ƙawancen masu bincike a kan lafiya da al'umma, kuma ba ya kwashe su zuwa Turai. Ɗalibi yana rajista a jami'ar Afirka, amma sau huɗu a tsawon karatunsa ana tara shi da takwarorinsa na wasu ƙasashe a bita ta makonni, kowace an daidaita ta da inda aikinsa ya kai. Ta farko tana kan karatu da idon basira da tsara tambayar bincike, ta biyu kan hanyoyin tattara bayanai, ta uku kan nazarinsu da rubutu, ta ƙarshe kuwa kan rayuwa bayan digiri, kamar neman tallafi da jagorancin bincike da isar da sakamako ga masu tsara manufofi. Ibadan tana cikin jami'o'in da suka riƙa karɓar baƙuncin waɗannan bitoci. Shirin yana horar da malamai masu duba kundi su ma, wanda shi ne sashen da sau da yawa ake mantawa da shi.

Ana mantawa da shi ne duk da cewa babu abin da ya kai shi tasiri. Farfesa guda na iya riƙe ɗalibai da dama a lokaci ɗaya, ga koyar da 'yan digirin farko, ga kwamitoci, ga zuwa wasu jami'o'i a matsayin mai jarrabawa. Babi kan kwana a teburinsa wata da watanni, ɗalibi kuma ba ya iya matsa wa wanda makomarsa ke hannunsa. Jami'o'in da suka rage wannan matsala sun yi haka ne ta hanyoyi marasa tsada: naɗa mai dubawa na biyu, rubuta rahoton ci gaba a kowane zango da sa hannun ɓangarorin biyu, da samar da hanyar sauya malami ba tare da abin ya zama gaba ba.

Wanda fanninsa bai shiga CARTA ba yana da wasu wuraren dubawa. Masu nazarin zamantakewa suna da shirin tallafin da majalisar binciken zamantakewa ta Amurka, SSRC, ke gudanarwa ga masu digiri na uku a wasu ƙasashen Afirka ciki har da Najeriya, wanda aka kasa gida uku: na tsara shimfiɗar bincike, na aikin fage, da na kammala rubutu. Hukumar tallafin karatu ta ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila tana da gurbin da ke ba ɗalibin da ya yi rajista a gida damar yin har wata goma sha biyu a wata jami'ar Birtaniya, ya yi amfani da ɗakunan gwaje-gwajenta da na karatunta, ya dawo ya kare kundinsa a inda ya fara. Akwai kuma cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014, waɗanda Najeriya ta samu guda goma a zagayen farko. Ibadan ba ta cikin goman, amma Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da ke Kano tana ciki, haka ma cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ɗalibin da bincikensa ya shafi gero ko dawa ko kwararowar hamada, ba lallai ne ya tsallaka Kwara kafin ya samu abin da yake nema ba.

Sai wallafa maƙala. Jami'o'i da yawa a ƙasar suna son ganin ɗalibi ya fitar da wani sashe na aikinsa a mujallar ilimi kafin ya kammala, kuma ko ba a tilasta ba, ba a samun ƙarin girma a aikin koyarwa sai da ita. Wannan matsi ne ya buɗe kasuwa ga mujallun bogi, waɗanda ke aiko da saƙon gayyata ta imel, su karɓi dala, su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ta ba. Ɗalibi ya yi asarar kuɗi, ya kuma ƙona aikin da ba zai iya sake kai wa mujallar kirki ba. Bitar rana ɗaya da ma'aikatan ɗakin karatu za su shirya a kan yadda ake gane irin waɗannan mujallu ta fi tarin jawaban buɗe taro amfani. Masu nazarin harsunan gida suna da tasu damuwar daban: a Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin digirin Hausa da Hausa, abin alfahari ne, amma manyan rumbunan da ake auna darajar mujallu da su a duniya sun fi karkata ga Ingilishi, don haka mai irin wannan kundi yakan yi aiki biyu kafin a san da shi a waje.

Akwai wata gasa da Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta ƙirƙiro a 2008, inda ake ba ɗalibi minti uku da hoton allo guda ɗaya tak ya bayyana bincikensa ga mutanen da ba 'yan fanninsa ba. Ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Afirka ta Kudu. Shirya irinta ba ya cin komai sai ɗakin taro da agogo, kuma babu abin da zai hana a yi ta da Hausa ko Yarbanci ko Ibo, a gaban manoma ko ma'aikatan asibitin da aka ce domin su aka yi binciken.

Ga mai shirin neman ɗaya daga cikin tallafin da aka ambata, galibinsu takardu iri ɗaya suke tambaya: shaidar rajista, shimfiɗar bincike da sashe ya amince da ita, da wasiƙar malamin da ke duba aikin. Yawancinsu sau ɗaya ake buɗe su a shekara, kuma wasiƙar malami ce ta fi ɗaukar lokaci kafin ta fito. Wanda ya jira sai an yi sanarwa kafin ya tunkari malaminsa, yakan samu wasiƙar bayan an rufe karɓa, sai ya jira wata shekarar.