Uwargida, Makullin Waifai Na Gidanki Yana Hannun Wa?

Na san ba kya kwanciya sai kin tabbatar an rufe ƙofar gida an sa sakata, an kwashe shanya, an kashe gas. To amma akwai wata ƙofa da ta shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan wadda ba ta da ƙyaure balle sakata, kuma a buɗe take kwana. Ina nufin 'yar na'urar nan mai ƙyafta fitilu da maigida ya ajiye kusa da talabijin, wadda ake kira rauta, ko ƙanwarta ta aljihu da ake ce wa maifai. Ta cikinta intanet ke shiga wayarki da ta maigida da ta yara, wani lokacin har da ta mutanen da ba ki san da zamansu ba. A gidaje da yawa idan kin bincika, za ki tarar wanda ya san sirrinta shi ne yaron gida ɗan shekara 14. Shi ya haɗa ta, shi ya sa mata kalmar sirri, shi ake kira in ta ƙi aiki. Ke kuwa da kike riƙe da makullin sito da na kicin, wannan makullin ba ya hannunki.

Bari mu fara da sanin me na'urar take yi, don abin da mutum bai fahimta ba tsoronsa yake ji. A cikin yawancin rautocin da ake sayarwa a kasuwanninmu akwai layin waya, wato sim, irin wanda ke cikin wayarki. Wannan layin shi ke magana da ƙarfen sabis na unguwarku. Daga ƙarfen sabis saƙo ya bi wayoyin gilashi da aka binne a ƙasa har Legas, daga can ya shiga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa Turai da sauran duniya. Irinsu MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta kamfanin Google kuma ta iso Legas a 2022. In kin tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da intanet ya yi ta wahala a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu har tura kuɗi ta banki ya gagari mutane, to wasu daga cikin waɗannan wayoyi ne suka tsinke a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa. Ranar an yi ta zagin waya da rauta, alhali ba su da laifi.

Aikin rauta shi ne ta karɓi wannan intanet ɗin guda ɗaya ta rarraba shi ta iska ga duk na'urar da aka ba izini. Wannan rabon na cikin gida shi ne waifai. Kin ga ke nan abu biyu ne daban. Wayarki tana iya nuna waifai cike taf amma saƙo ya ƙi tafiya, domin data ta ƙare a layin da ke cikin rautar, ko sabis ya ɗauke daga waje.

Shi kuwa waifai bai san katanga ba. Bango yana rage masa ƙarfi, musamman na kankare da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa, amma yana tsallakawa. Shi ya sa in aka ajiye rauta jikin tagar da ke kallon titi, sai majalisar ƙofar gida ta fi ɗakinki samun sabis. Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne tsakiyar gida, a ɗan sama, ba a ƙasa ko cikin durowa ba. Wasu rautocin suna fitar da suna biyu, ɗaya da lamba 2.4 ɗaya da lamba 5. Na 2.4 ya fi zuwa nesa da ratsa bango, na 5 ya fi sauri amma sai kina kusa.

Yanzu mu zo maganar kuɗi. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, data ta shiga sahun gas da kuɗin makaranta a lissafin gida. Sau nawa maigida ya sayi ta wata guda, kwana goma ta ƙare, ya shigo yana faɗa wai ku ne ba ku da aiki sai kallon fim? Wani lokacin da gaskiyarsa, domin bidiyo mai kaifin hoto yana iya cin gigabait ɗaya ko fiye a awa guda, ga kuma WhatsApp da ke sauke duk wani bidiyon biki da aka turo a guruf ko ba ki buɗe ba, sai in kin hana shi a saitinsa. Amma sau da yawa ɓarayin datar ba su ma kwana a gidan. An ba baƙo kalmar sirri ranar suna, an ba mai gyaran wuta, yaro ya ba abokinsa. Waya kuwa ba ta mantuwa, duk ranar da mai ita ya zo kusa da gidan za ta haɗa kanta ba sallama. Ƙari a kan haka, wayoyin Android tun daga na 2019 suna iya nuna wani hoto mai ɗigo-ɗigo wanda in wani ya ɗauka da kyamararsa sai ya shiga waifai ɗin ba tare da an faɗa masa ko harafi ɗaya ba. Don haka yaron da ya rantse miki bai gaya wa kowa ba, yana iya zama gaskiya ya faɗa.

Maganin wannan ba ya buƙatar digiri. Ki juya rautar, a ƙasanta ko bayanta akwai 'yar takarda manne. A jiki za ki ga sunan waifai ɗin, da kalmar sirrin da ya zo da ita, da wasu lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Waɗannan lambobi su ne adireshin ɗakin sarrafa rautar. In wayarki tana kan waifai ɗin, ki buɗe Chrome ki rubuta su a inda ake rubuta adireshi, sai shafi ya buɗe ya nemi suna da kalmar sirri. Wasu kamfanonin kuma manhaja suke bayarwa da ke yin aikin nan a sauƙaƙe.

A nan ne mutane da yawa ke rikicewa, don haka ki natsu. Makulli biyu ne. Akwai na shiga waifai, wanda ake bai wa mai son hawa intanet. Akwai kuma na ɗakin sarrafawa, wanda mai shi ke iya canza komai, har ya kori wanda ya ga dama. Wannan na biyun a rautoci da dama kalmar admin ce kawai tun daga kamfani, kuma duk yaron da ya ɗan waye ya san haka. Shi za ki fara canzawa, ku riƙe daga ke sai maigida. Sannan ki canza na waifai ɗin. Harafi 8 ne mafi ƙaranci da na'urar ke karɓa, amma ki kai shi 12 ko fiye, ki gauraya haruffa da lambobi. Ban da lambar wayar maigida, ban da sunan auta da shekarar haihuwarta, don su ake fara gwadawa. Inda aka ce ki zaɓi nau'in tsaro, ki zaɓi WPA2 ko WPA3.

A cikin shafin akwai jerin na'urorin da ke kan waifai ɗin a daidai lokacin. Ki ƙirga wayoyin gidanki da talabijin da kwamfuta. In naku shida ne kika ga goma sha ɗaya, kin samu amsar inda data ke tafiya. Ana iya toshe su ɗaya bayan ɗaya, sai dai wayoyin yanzu suna iya sauya lambar da rauta ke gane su da ita, su dawo kamar sababbin baƙi. Canza kalmar sirri shi ne ke korar kowa lokaci guda. In rautarku tana da sashen baƙi, ki kunna shi da tasa kalmar daban, ki ba 'yan biki, in an watse ki kashe. A gidan da ake zaune da abokiyar zama ko matan 'yan'uwa kuwa, gara a zauna da maigida a yi maganar a fili, kada a wayi gari wata ta ga an canza ba ta sani ba, abin data ya koma abin gaba.

Wata tambaya da mata ke yawan yi ita ce, shin wanda ya shiga waifai ɗina zai iya karanta hirata? Saƙonnin WhatsApp tun 2016 a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, maƙwabci ba zai karanta su ta rauta ba. Inda ake cutar mata shi ne lambobi shida da ake turowa ta tes, wani ya kira da murya mai daɗi ya ce ki karanto masa, ko kuma wanda kika ba aron wayarki ya haɗa WhatsApp ɗinki da tasa na'urar. Ki riƙa duba sashen na'urorin da aka haɗa, duk wadda ba ki gane ba ki cire ta. Amma baƙo a waifai yana da nasa haɗarin. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma layin da ke cikin rautar da sunan wani a gidanku aka yi masa rajista. In aka yi damfara ta intanet ɗinku, sawun da za a bi ƙofarku zai kawo.

Sai batun da ya fi damuna, wato yara da dare. Yarinya ta shiga ɗaki ƙarfe tara kin ɗauka barci take, alhali tana ƙarƙashin bargo da waya har ƙarfe biyu, da safe a yi ta fama da ita ta tashi, malamai su ce tana gyangyaɗi a aji. Da wa take hira a wannan tsakar daren, me take kallo, ba wanda ya sani. Rautoci da yawa suna da wurin sa lokaci, ki ce wayar wane da wance su daina samun intanet daga ƙarfe tara zuwa asuba. Akwai kuma manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, tana ba ki damar ƙayyade awannin da yaro zai yi da wayarsa, da hana shi sauke wata manhaja sai da amincewarki. Masu iPhone suna da Screen Time. In duk wannan ya yi miki yawa, zare rautar daga soket ma dabara ce.

Sai dai kada ki ce kin gama don kin kashe waifai. Yaron da ke da layi a wayarsa zai sayi data da kuɗin tara, ko ya roƙi yayansa ya buɗe masa hotsfot. Shi ya sa a ganina dokar da ta fi aiki ita ce a ce duk wayoyin yara a ɗakinki suke kwana, can ake musu caji. Kuma ki gaya musu dalili tun da rana, don yaron da ya gano ana leƙensa a ɓoye sabuwar hanyar ɓuya kawai zai koyo.

Akwai wani ɗan rami ƙarami a jikin rauta, kamar na allura. In aka sa tsinke aka danna shi na kamar daƙiƙa goma, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani, kalmomin da kika sa su goge, na jikin takardar nan su dawo. Zai yi miki amfani ranar da kika manta abin da kika sa. Amma yaran ma sun san da shi, don haka in kika ga wayarki ta daina shiga haka kawai, sunan waifai ɗin ya koma na asali, ki tambayi wanda ya taɓa ta, sannan ki mayar da ita inda idonki ke kai.