Shin Alƙalan Wasa Suna Da 'Yan Lele A Filin Ƙwallo?

Da wuya a tashi daga babban wasan ƙwallon ƙafa ba a ji magoya bayan kulob ɗin da aka cinye suna kuka da alƙalin wasa ba. Wannan ya ce an hana su bugun fenariti, wancan ya ce an ƙara lokaci don a ceci manya, wani kuma ya rantse cewa da ƙaramin ɗan wasa ne ya yi irin wannan keta da tuni an ɗaga masa jan kati. Masu shirya wasanni kuwa amsarsu ɗaya ce kullum, watau alƙali mutum ne, mutum kuwa tara yake bai cika goma ba. To, ina gaskiyar take? Ya kamata mu bi abin da ya tabbata a kotu da kuma abin da masana suka auna, domin mu bambanta zato da hujja.

ABIN DA YA FARU A ITALIYA

Babu inda wannan zargi ya fito fili kamar ƙasar Italiya a shekarar 2006. Shekara da shekaru mutanen ƙasar suna gunaguni cewa kulob ɗin Juventus na birnin Turin ɗan gata ne a wurin alƙalai, amma ba wanda ya iya kawo shaida. Cikin watan Mayu na shekarar nan sai jaridu suka fara buga maganganun wayar tarho waɗanda masu bincike suka naɗa a asirce. A ciki aka ji babban manajan Juventus, Luciano Moggi, yana hira da mutane biyun da ke da alhakin raba wa alƙalai wasanni, watau Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto, ana ta shawara a kan waɗanne alƙalai za a sa cikin ƙuri'ar waɗanne wasanni.

Har akwai inda aka ji Moggi yana bugun ƙirji cewa ya kulle wani alƙali mai suna Gianluca Paparesta a ɗakin canja kaya, bayan da Reggina ta ci Juventus 2 da 1 a watan Nuwamba na 2004. Shi Paparesta ya ce ba a kulle shi ba. Amma ko da cika baki ne kawai, maganar ta nuna irin idon da mutumin ke kallon alƙalai da shi.

Abin lura a nan shi ne, ba a kama kowa yana miƙa wa alƙali jakar kuɗi ba. Dabarar ta fi haka zurfi. Alƙalin wasa yana son a riƙa ba shi manyan wasanni, yana son a kai sunansa gaba har ya busa wasannin ƙasa da ƙasa. In ya san cewa wanda ke raba wasanni abokin hirar shugaban wani kulob ne, ba sai an ce masa kome ba. Da kansa zai yi kaffa-kaffa ranar da kulob ɗin nan ke fili, gama ya san kuskuren da ya cuci babba yana iya jawo masa zaman benci, wanda ya cuci ƙarami kuwa kwana biyu an manta.

Ran 9 ga watan Yuli, 2006, Italiya ta ci kofin duniya a birnin Berlin. Kwana biyar bayan haka kotun wasanni ta yanke hukunci. Aka ƙwace wa Juventus kofunan gasar ƙasa guda biyu, na kakar 2004/05 da na 2005/06, aka kuma tura ta rukuni na biyu, abin da bai taɓa samunta ba a tarihinta. Da farko an ce za ta fara kaka da bashin maki 30, daga baya ɗaukaka ƙara ta rage shi zuwa 17, sa'an nan zuwa 9. An kuma rage wa AC Milan da Fiorentina da Lazio da Reggina maki. Shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Franco Carraro, ya yi murabus, aka janye alƙali Massimo De Santis daga cikin waɗanda za su busa gasar kofin duniya ta shekarar, shi kuwa Moggi aka hana shi harkar ƙwallo shekara biyar, a 2011 aka mai da hanin na har abada.

Duk da haka maganar ba ta ƙare ba. An ba Inter Milan kofin 2005/06, amma a 2011 mai gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon ya ce su ma shugabanninta sun yi ta waya da masu raba alƙalai, sai dai lokacin da doka ta ƙayyade na gurfanar da su ya wuce. Wani abin mamaki kuma, 'yan wasan Juventus har takwas ne suka taka leda a wasan ƙarshe na Berlin, biyar a ɓangaren Italiya, uku a ɓangaren Faransa. Kulob mai irin waɗannan zaratan ba ya bukatar taimakon kowa kafin ya ci kofi, amma kwaɗayi ya sa shugabanninsa suka zubar masa da mutunci.

Ƙasar Sifen ma ta sami nata rabon. A watan Fabrairu na 2023 ya bayyana cewa tsakanin 2001 da 2018 Barcelona ta biya kuɗi sama da Yuro miliyan 7 ga kamfanonin José María Enríquez Negreira, wanda a lokacin shi ne mataimakin shugaban kwamitin alƙalan wasa na ƙasar. Barcelona ta musanta cewa ta sayi wani alƙali, ta ce ladan rahotanni ne da shawarwari. Ko da hakan ne, mai karatu zai iya tambaya, yaya ɗan ƙaramin kulob zai ji in ya san abokin karawarsa yana biyan ɗaya daga cikin shugabannin alƙalai?

KWARJININ 'YAN KALLO

Bayan maguɗi irin na ganganci, akwai wani son kai da ya fi shi yawa, wanda shi kansa alƙalin bai san yana yi ba. A 2005 waɗansu masana tattalin arziki su uku, Garicano da Palacios-Huerta da Prendergast, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan wasannin gasar Sifen. Sun duba mintunan da alƙali ke ƙarawa bayan cikar minti 90. Suka tarar in masu gida ne ake ci da ƙwallo ɗaya, alƙali yakan ƙara wajen minti huɗu, in kuwa su ne ke gaba da ƙwallo ɗaya, sai ya ƙara wajen minti biyu. In tazarar ta yi yawa har ƙarin lokaci ba zai canja kome ba, sai wannan bambanci ya ɓace.

A Ingila kuma, a 2002, wani masani mai suna Alan Nevill da abokan aikinsa suka tara ƙwararrun alƙalai 40, suka nuna musu hoton bidiyo na wasan Liverpool da Leicester. Waɗansu an bar musu ihun 'yan kallo, waɗansu an kashe musu murya. Waɗanda suka ji ihu sun rage kama masu gida da laifi da kashi 15 cikin ɗari da 'yan kai. Ka lura, a ɗaki suke zaune, ba mai jifansu, ba mai zaginsu, amma duk da haka ihun ya yi aiki a kansu.

Annobar korona ta 2020 ta zo ta ƙara tabbatar da wannan. Da aka koma wasa a filaye ba 'yan kallo, bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa katin gargaɗi da ake ɗaga wa baƙi ya ragu, rinjayen masu gida kuma ya yi sauƙi. To, wa ya fi kowa yawan 'yan kallo da ƙarfin ihu? Manyan kulob-kulob ne. Wa ya fi kowa samun shafin farko a jarida in an cuce shi? Su ne dai. Saboda haka ko da ba wanda ya ƙulla makirci, ma'aunin yakan ɗan karkata wajen mai ƙarfi. Masu zuwa kallon wasannin gasarmu ta nan gida ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, sun san wuyar da baƙo ke sha kafin ya ci wasa a gidan wani.

'YAN WASA MASU FARIN JINI

Batun taurarin 'yan wasa kuwa ya daɗe. A gasar kofin duniya ta 1962 an kori Garrincha na Birazil daga fili a wasan kusa da na ƙarshe da suka yi da Chile, amma hukumar FIFA ta bar shi ya buga wasan ƙarshe, Birazil ta ci Chekoslobakiya 3 da 1. A watan Yuli na 1968 kuma, a birnin Bogota na Kolambiya, alƙali Guillermo Velásquez ya kori Pele a wasan sada zumunci da kulob ɗinsa na Santos ke yi. 'Yan kallo suka yi bore domin Pele suka biya kuɗi su gani. Ƙarshenta alƙalin aka fitar, aka ba mai tuta usur, Pele ya dawo fili.

Kada a ce wannan labarin da ne. A watan Nuwamba na 2025 an ba Cristiano Ronaldo jan kati saboda ya kai wa ɗan wasan Ailan gwiwar hannu a wasan neman shiga gasar kofin duniya. FIFA ta yanke masa hanin wasa uku, amma ta jingine biyu daga ciki, abin da ya buɗe masa hanyar buga wasannin farko na gasar 2026. Dokar FIFA ta ba ta ikon yin haka, sai dai mutane da yawa sun tambaya ko da wani ne wanda ba a san sunansa ba zai sami wannan sassauci.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Wasa ya zama kasuwa, kuɗin da gidajen talabijin da masu talla ke zubawa kuwa yana bin fitattun sunaye ne. Hukumar da ke hukunta ɗan wasa ita ce kuma ke cin ribar ganinsa a fili. A Amurka ma an yi irin wannan ce-ce-ku-ce a gasar ƙwallon kwando ta NBA, inda alƙali Tim Donaghy ya amsa laifin da ya shafi caca a kan wasanni a 2007, aka ɗaure shi wata 15. Ya yi zargin cewa akwai wasannin da aka karkatar don amfanin gasar, shugabannin NBA suka ƙaryata shi, suka ce mai laifi ne ke neman sassauci.

ƊAYA GEFEN

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ke rage ƙarfin zargin. Babban kulob yakan fi samun fenariti, amma kuma shi ya fi daɗewa da ƙwallo a gaban ragar abokan karawa, ƙafar da ke yawan shiga da'irar mai tsaron gida kuwa ita aka fi taɗewa. Gwanin ɗan wasa ma shi aka fi yi wa keta. A gasar 1966 'yan bayan Bulgeriya da na Fotugal sun yi ta sassarar Pele har ya fita yana ɗingishi, ba alƙalin da ya kare shi. A 1994 FIFA ta kori Maradona daga gasar kofin duniya saboda ƙwaya. A wasan ƙarshe na 2006 alƙali Horacio Elizondo ya ɗaga wa Zidane jan kati a wasansa na ban kwana. Da a ce masu gasa ke rubuta sakamako tun kafin a fara, da Leicester ba ta ci gasar Ingila a 2016 ba. Bugu da ƙari, ɗan kallo yakan tuna ranar da aka cuce shi har shekara ashirin, ya manta ranar da aka cuci wani dominsa tun kafin ya isa gida.

MECE CE MAFITA?

Tun daga 2018 aka shigar da alƙalin bidiyo, wanda ake kira VAR, cikin dokokin wasa. Ya gyara kurakurai masu yawa, amma mutum ne ke zaune gaban na'urar. Ran 30 ga watan Satumba, 2023, an soke ƙwallon halal da Luis Díaz ya ci wa Liverpool a gidan Tottenham saboda rashin fahimta tsakanin alƙalai. Abin yabo shi ne hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskurenta, ta kuma saki muryoyin abin da aka faɗa kowa ya ji.

Darasin Italiya ya nuna inda gyara ya kamata ya fara. Masu raba wa alƙalai wasanni su kasance ba ruwansu da shugabannin kulob, kuma kada ko kwabo ya wuce tsakaninsu. A biya alƙali hakkinsa a kan lokaci daga asusun masu gasa, ba daga aljihun mai masauki ba. A ba shi tsaro ya shiga fili ya fita ba fargaba. In ya yi kuskure a faɗa a fili, a kuma hukunta kuskuren da ya cuci ƙarami daidai da wanda ya cuci babba.

Mutum yana biyan kuɗin ƙofa ne domin bai san wanda zai ci ba. Ranar da ya tabbata an riga an san mai ci, ranar zai zauna a gida, hasarar kuwa ta manya da ƙanana ce baki ɗaya. Allah ya ba alƙalanmu ƙarfin zuciyar busa gaskiya ko a gidan wa suke.